Yadda Za Ka Gane Ko Sauya Talabijin Zuwa Mai 4K Zai Amfane Ka

Duk wanda ya shiga shagon kayan lantarki a 'yan shekarun nan ya ga yadda ake jera manyan talabijin a bango, kowace da tambarin 4K ko UHD a kusurwarta, ana nuna hoton tsuntsu wanda har gashin fiffikensa mutum zai iya ƙirgawa. Hoton yana da kyau, babu musu, sai dai abin da ya kamata mai saye ya tambayi kansa shi ne ko wannan hoton zai biyo shi gida. Sau da yawa ba ya biyowa, domin talabijin ba ta iya nuna abin da ya fi wanda aka ba ta, ido kuma ba ya iya ganin abin da nisa ya ɓoye masa. Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata ka auna a gidanka tun kafin ka taka zuwa kasuwa.

Hoton talabijin ana haɗa shi ne da ƙananan ɗigo masu haske da aka jera layi-layi. Wadda ake kira Full HD tana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato kimanin miliyan biyu ke nan gaba ɗaya. Mai 4K kuwa tana da 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, kimanin miliyan 8.3, ninki huɗu na Full HD. Yawancin ƙananan talabijin masu inci 32 da ke cikin gidajenmu ba su kai ko Full HD ba, ɗigonsu 1,366 ne da 768. Tashoshin da har yanzu suke watsa shirye-shirye a tsohon tsarin SD kuma suna aiko da hoto mai ɗigo 720 da 576, wanda idan aka lissafa, kashi ɗaya ne cikin ashirin na abin da fuskar 4K take buƙata ta cika.

Ka fara da awon nisa, domin shi ne awon da ba ya cin ko sisi kuma shi ne ya fi yanke hukunci. Ka nemi tef irin na tela ka auna daga bangon da za a maƙala talabijin zuwa inda kake zama a kullum, ban da inda kake zama ranar da aka yi baƙi. Idan babu tef, ka ƙirga tayil ɗin falon, tunda da yawa daga cikinsu santimita 40 ne ko 60. Ƙa'idar da masu aikin talabijin suke bi ita ce, mutum mai lafiyayyen ido yana daina rarrabe ɗigon Full HD idan ya zauna a nisan da ya kai ninki uku na tsayin fuskar talabijin, yayin da cikakken amfanin 4K ba ya bayyana sai an matso zuwa kusan ninki ɗaya da rabi. A lura cewa tsayin fuska ake nufi, daga sama zuwa ƙasa, domin incin da ake rubutawa a kwali ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwa. Talabijin mai inci 43 tsayin fuskarta kimanin santimita 54 ne, don haka da zarar ka wuce mita ɗaya da rabi da 'yan kai, bambancinta da Full HD ya fara ɓacewa. Mai inci 55 tsayinta kimanin santimita 68 ne, iyakarta kusan mita biyu ke nan, mai inci 65 kuma tana kaiwa kusan mita biyu da rabi. To, yawancin falukan da na sani, tsakanin kujera da bango ya kai mita uku ko ma fiye. A irin wannan falo, yaran da suke kwanciya a kan kafet dab da talabijin su ne za su ci moriyar ƙarin ɗigon, maigidan da ya biya kuɗin kuwa daga kujerarsa da wuya ya ga wani bambanci.

Bayan nisa sai abin da za ka riƙa kallo, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asara ba tare da sun sani ba. Na taɓa zuwa gidan wani ɗan'uwana da ya sayi mai inci 55 bayan ya daɗe yana tara kuɗi, na same shi yana ƙorafin cewa an cuce shi, domin fuskokin masu karanta labarai sun zama kamar an shafa musu man shanu, rubutun da ke wucewa a ƙasa kuma gefensa duk ya yi gashi. Da na leƙa bayan talabijin sai na ga an haɗa ta da dikoda ta wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Wannan waya ba ta ɗaukar abin da ya wuce SD, ko da dikodar da tashar suna da HD. Da muka sayo wayar HDMI tashoshin ƙwallo suka gyaru nan take, amma sauran tashoshin da asalinsu SD ne suka ci gaba da zama yadda suke, har ma ana iya cewa tsohuwar talabijin ɗinsa mai inci 32 ta fi rufa musu asiri.

Dalilin haka shi ne, idan aka ba talabijin mai 4K hoton da bai kai girman fuskarta ba, dole ta ƙirƙiro sauran ɗigon da kanta ta hanyar kintace. Idan hoton Full HD ne, kowane ɗigo guda zai zama huɗu, kuma sakamakon yakan yi kyau. Idan kuma SD ne, a cikin kowane ɗigo ashirin da kake gani, guda ɗaya ne kawai ya zo daga tasha. Talabijin masu tsada suna da na'urar sarrafa hoto da ta ƙware a wannan kintace, masu araha kuwa sukan miƙe hoton ne kawai kamar yadda ake miƙe roba. Don haka ka zauna ka lissafa abin da gidanka yake kallo a mako. Idan yawancinsa tashoshin kyauta ne na tauraron ɗan'adam, ko fina-finan da ake turo wa mutum a waya ko a filashi a shagunan tura fina-finai, waɗanda ake matse su domin kada su cinye wuri, to babbar fuska za ta ƙara fito da aibinsu ne. Tashoshin biya na DStv da StarTimes da makamantansu, waɗanda suka fi kyau a cikinsu HD ne, kuma Full HD ta wadatar da su.

Inda ake samun 4K na gaskiya a yau shi ne intanet da na'urorin wasa irin su PlayStation 5 da Xbox Series X, kuma intanet ɗin yana da nasa lissafin. Netflix ya bayyana cewa kallon 4K yana buƙatar saurin da bai gaza megabit 15 a daƙiƙa ba, yana kuma iya cin data har giga 7 a awa guda, alhali HD ba ya wuce giga 3, sannan sai wanda yake kan tsarin biyan kuɗi mafi tsada ake buɗe wa 4K ɗin. YouTube kuma yana ba da shawarar megabit 20. Idan iyali suna kallon awa biyu kowane dare a 4K, abin zai iya kaiwa giga 420 a wata. Wanda yake da intanet na kebul mai shigowa gida marar iyaka ba zai damu ba, amma wanda yake kunna wa talabijin data daga wayarsa zai ga cewa da kansa zai shiga saiti ya rage ingancin hoton kafin mako ya zagayo. Ka gwada saurin intanet ɗinka da dare, lokacin da kowa yake kai, domin saurin da kake samu da hantsi ba shi ne za ka yi kallo da shi ba.

Akwai wani abu da yake zuwa tare da yawancin talabijin masu 4K wanda a ganina ya fi ƙarin ɗigon muhimmanci, shi ne HDR. Aikinsa shi ne faɗaɗa tazarar da ke tsakanin wuri mafi duhu da wuri mafi haske a cikin hoto, tare da ƙara yawan launuka, ta yadda hasken fitila a cikin dare zai yi ƙyalli ba tare da duhun da ke kewaye da shi ya koma toka-toka ba. Wannan bambanci ana ganinsa daga kowane nisa, ko da daga bakin ƙofa ne. Sai dai rubuta HDR a kwali ba ya nufin talabijin tana da hasken da za ta nuna shi. Ana auna hasken fuska da ma'aunin da ake kira nit, kuma masu araha da yawa suna tsayawa ne a wajen 300, alhali HDR ba ya fara burgewa sai an kai 600 zuwa sama. A kan talabijin marar haske, fim mai HDR yakan fito da duhu fiye da na yau da kullum, musamman a falon da rana take shigowa ta taga. HDR ɗin ma iri-iri ne: tsarin HDR10 kusan kowace tana da shi, Dolby Vision kuwa ana samunsa a wasu kamfanoni kamar LG da Sony, amma talabijin ɗin Samsung ba sa ɗaukarsa, suna amfani da HDR10+ a madadinsa.

Batun wuta ba ya buƙatar dogon bayani, amma kada a tsallake shi. A bayan kowace talabijin akwai takardar da aka rubuta yawan wat ɗin da take ci, kuma girman fuska da haskenta su ne suke ƙara shi. A ɗauka ta rubuta wat 120, ana kuma kallo awa biyar, wat-awa 600 ke nan. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da kimanin wat-awa 2,400, kuma idan irin na ruwa ne ba a so a sha fiye da rabinsa, ka ga talabijin kaɗai ta ɗauke rabin abin da kake da shi kafin a zo ga fanka da fitilu. Ka kuma sanya kuɗin sitabilaiza ko na'urar kariya daga hawan wuta a cikin lissafinka, domin gyaran babbar fuska idan ta ƙone yakan yi kusa da kuɗin sabuwa.

Idan bayan duk wannan ka ga akwai riba, to ka tafi shago da filashinka a aljihu, ɗauke da irin abin da kake kallo a gida: wani yanki na fim ɗin Hausa, wani na wasan ƙwallo, da wanda aka ɗauka cikin dare. Ka roƙi mai shago ya cire hoton tallan ya sanya naka, sannan ka ja da baya zuwa nisan da ka auno a gida. Ka kuma matsa gefe ka kalla, domin wasu fuskokin launinsu yana dushewa idan ba a saitinsu mutum yake ba, kuma a falon da ake jera kujeru a jikin bango, rabin masu kallo a gefe suke. Ka duba lambar samfurin da ke bayan talabijin ka neme ta a shafin kamfanin da wayarka, tunda akwai na jabu da ake manna wa sunan manyan kamfanoni, akwai kuma waɗanda suke karɓar hoton 4K amma fuskarsu ba ta kai ba, sai su rage shi kafin su nuna. Ka tambaya ko tana buɗe bidiyo mai tsarin HEVC, wanda da shi ake adana yawancin fina-finan 4K, ka kuma tabbatar ramukan HDMI ɗinta akalla 2.0 ne, domin tsohon 1.4 ba ya wuce hoto 30 a daƙiƙa a 4K. Mai wasa da PlayStation 5 da yake son hoto 120 a daƙiƙa sai ya nemi HDMI 2.1. Kafin a mayar da ita kwali, a sanya farin hoto sannan baƙi a duba ko akwai mataccen ɗigo ko wurin da haske yake tsiyaya, musamman idan ta hannu ce, a kuma karɓi rasit da takardar garanti.

Nawa ra'ayin shi ne, wanda yake da lafiyayyiyar Full HD mai inci 43 ko ƙasa da haka, yana zama nesa da ita, kuma dikoda ce madogararsa, bai kamata ya sauya ba. Gara ya gyara wayar haɗi, ko ya sayi lasifika mai kyau, domin sautin siraran talabijin na yanzu shi ne babban rauninsu. Haka ma mai gidan kallon ƙwallo, abin da zai amfane shi shi ne girman fuska da haske da rashin jan inuwa idan ƙwallo tana gudu, tunda wasan da kansa a HD yake zuwa. Amma wanda talabijin ɗinsa ta lalace, ko yake son inci 50 zuwa sama, zai tarar cewa kusan duk abin da manyan kamfanoni suke ƙerawa a wannan girma 4K ne, don haka zaɓinsa ya koma tsakanin mai kyau da marar kyau, kuma mai inci 50 da ke da haske da ingantacciyar na'urar sarrafa hoto ta fi mai inci 65 da aka yi arha da ita.

Ranar da aka kawo ta gida, ka shiga saiti ka fitar da ita daga yanayin shago zuwa yanayin gida, ka sauya hoton daga Vivid ko Dynamic zuwa Movie ko Cinema, wanda launinsa ya fi kusa da na gaskiya kuma ya fi sauƙin cin wuta. Ka shiga saitin dikoda ma ka ɗaga abin da take fitarwa zuwa 1080, domin wasu suna zuwa ne a kan 576 kuma haka suke zama shekara da shekaru ba wanda ya taɓa. Idan za ka riƙa kallo daga filashi, ka sani cewa wanda aka tsara shi da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4, sai an sauya shi zuwa exFAT ko NTFS, gwargwadon wanda talabijin ɗin take karantawa. Wajen maƙalawa kuma, ka sa tsakiyar fuskar ta yi daidai da idon wanda yake zaune, kada mai aikin ya kai ta kusa da silin, sannan ka matso da kujerar gaba gwargwadon yadda falon zai bari.