Yadda ake zaga tsofaffin sansanonin yaƙin duniya na biyu a Ingila da tsohuwar motar soja

Sabbin shiga wuri ɗaya suke faɗuwa kullum. Mutum ya buɗe taswira a waya, ya ga ai daga nan zuwa can minti ashirin ne, sai ya jera sansani shida a rana ɗaya yana murna. Malam wayar nan lissafin ƙaramar mota take maka, kai kuma babbar motar 1943 zaka hau wadda ko ta ƙure gudu da ƙyar take wuce kilomita 70 a awa, a hanyar ƙauye kuwa in ka samu 40 ka gode Allah.

Fara da zaɓen yanki, kuma ni a wajena gabashin Ingila ne kawai, wato Norfolk da Suffolk. Nan rundunar sama ta 8 ta Amurka ta zauna daga 1942 tana tashi kai hari Jamus, ta rasa mutum wajen 26,000, kuma filayen jiragen a kusa da juna suke sosai. Thorpe Abbotts kusa da Diss shine gidan rukuni na 100 masu jirgin B-17, hasumiyar kula da tashin jirage tana nan sun mayar da ita gidan tarihi. Horham na rukuni na 95 ba nisa, Parham na rukuni na 390 yana ƙasa kaɗan wajen Framlingham, Seething kuma can sama wajen Norwich. Biyu a rana, ka matsa uku. Kar ka ƙara.

Sannan kafin ka saka rana ka binciki ranar buɗewa. Waɗannan wurare ba gwamnati ke riƙe da su ba, ƴan sa kai ne, yawanci dattawa, wani ƙarshen mako kawai yake buɗewa wani ma Lahadi ɗaya a wata, da sanyi ya shigo kuma a rufe sai bazara. Na ga mutane sun ƙona mai na fitar hankali sun iso ranar Talata sun tarar da kwaɗo a ƙofa. Kira su ka ce da motar soja zaka zo, suna so wallahi, har wurin fakin zasu ware maka.

Motar fa? Wadda kowa ke mafarki itace GMC CCKW da suke kira Jimmy, mai taya goma, an ƙera sama da 560,000 lokacin yaƙin, irinta ce baƙaƙen fatan Amurka suka riƙa jigilar mai da harsashi da ita a Faransa a 1944. Ba a bada hayarta kamar motar filin jirgi, hanyar da ta fi sauƙi ka shiga ƙungiyar masu irin motocin kamar Military Vehicle Trust ka san mai ita, ku yi karo-karon mai. In da lasisin gida ka shigo ƙasar iyakarka tan uku da rabi, ita kuma Jimmy ko babu kaya ta wuce haka, don haka ka nemi ƙaramar motar soja irin Dodge WC ko jif ɗin Willys, ko ka haƙura ka zauna a gefe ka zama karen mota. Inshora kuma sai an saka sunanka tukun, kar ka yarda da "ba komai ɗan taɓa".

Yanzu ga inda ake jin kunya, giya. Jimmy da Dodge giyarsu bata daidaita kanta kamar ta motar yanzu, dole sai ka yi dabul kuloci, duk wanda ya tashi kusa da tsofaffin direbobin gingimari a tasha ya san abin. In zaka hau sama: ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka kuloci ka dawo firi, ka saki kulocin, ka ɗan jira injin ya sauko, ka sake takawa sannan ka tura giyar gaba. Wannan da sauƙi. Saukowa ce matsala. Ka taka kuloci ka zo firi, ka saki kulocin gaba ɗaya, ka ba totur wuta sau ɗaya har injin yayi kuka, ka taka kuloci da sauri ka zura giyar ƙasa kafin kukan ya mutu. Abinda sabbin shiga ke yi shine su ba da wutar alhali ƙafarsu na kan kuloci, to aikin banza ne don haƙoran cikin akwatin giya basu juya ba, sai kaji garrr mai motar ya runtse ido kamar shi aka taka. Wasu kuma tsoron totur suke su ɗan shafa shi kaɗan, bai isa ba. Kuma kar ka danna da ƙarfi, in lokacin yayi daidai da yatsa biyu ma giyar zata faɗa, in ta ƙi ka koma firi ka sake daga farko. Ka duba ƙaramin farantin ƙarfe da ke gaban direba, jerin giyar yana zane a jiki kuma na Jimmy ba irin wanda hannunka ya saba bane. Babu kaya da giya ta biyu ake tashi.

Ka sauko da giya tun kafin kwana ko gangara, ba a tsakiyarsu ba. Birkin nan yana kamawa amma sai ya yi shawara tukun, ka bar tazara mai yawa. Sitiyari babu fawa, a tsaye baya juyuwa sai motar na ɗan motsi, kuma ka fitar da babban yatsa daga cikin sitiyarin don in taya ta faɗa rami zai fizge. Ga kuma wani abu, sitiyarin a hagu yake su kuma Ingila a hagu suke tuƙi, kenan kai kana gefen shinge baka ganin mai zuwa, wanda ke kujerar dama shine idonka a duk mahaɗa. Ku yi yarjejeniya tun a gida kalma ɗaya ce, tafi ko tsaya, banda dogon bayani. Ka yi atisayen duk wannan a fili kafin ranar.

Mai kuwa ka shirya aljihu, Jimmy lita ɗaya kilomita uku take ci ko kusa da haka. Tun 2021 fetur ɗin gama-gari a can E10 ne, wato mai gauraye da sinadarin ethanol har kashi 10 cikin ɗari, kuma yana cin tsofaffin robobi da tiyo, E5 mai ƙarancin ethanol zaka sha duk da ya fi tsada, ba kowane gidan man ƙauye ke da shi ba don haka ka cika tanki a gari. Da safe ka duba baƙin mai, ruwan lagireto, man birki da iskar taya, ka jefa fanbel da filogi da jarkar ruwa a baya. Wutar asali bolt 6 ce, kar wani mai taimako ya jona maka batirin motarsa kai tsaye. Manyan tituna irin A14 ka guje su, tireloli zasu yi ta hura maka iska, ka bi na ƙauye, in motoci sun taru a bayanka ka raɓe su wuce.

In kun isa kar kayi tsammanin ganin fili cikakke. An fasa yawancin titunan jirgin an kwashe kankaren, sauran ya koma gona da rumbunan kaji, abinda zaka gani hasumiya ce, da ɗakunan kwano masu lanƙwasa da ciyawa ta cinye, da guntun titi tsakanin alkama. Gonar mutane ce, baka da izini kar ka hau da mota wai don hoto. Ka saka wani abu a akwatin gudummawa, ka zo da abincinka da darduma don ƙauyukan nan samun halal wahala ne, rigar sanyi ma dole ko da bazara tunda tamfol ne kawai a kanku. Bindigar ado kuma barta a gida.

Gidan tarihin jiragen yaƙi na Duxford da maƙabartar sojojin Amurka ta Madingley kusa da Cambridge, mai kabari sama da 3,800, ka basu rana daban don da nisa. Ka juyo tun da rana saboda fitilun basa haska komai. In an ajiye mota a cire kan batir, a leƙa ƙasa a ga ko wani abu na ɗiga, a biya mai motar kuɗin mansa a take.