Yadda ake raba ma'adana da raɗa sunaye a shirin PLC

Kafin a rubuta layi ɗaya na shirin da zai sarrafa inji, ya kamata mai aiki ya zauna ya tsara yadda zai raba ma'adanar PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin, domin kuskuren da aka yi a nan ba ya bayyana sai inji ya fara aiki. A na'urorin Siemens na jerin S7, harafin I na abin da ke shigowa ne daga maɓalli ko na'urar awo, Q na abin da ke fita ne zuwa injin ko fitila, M kuwa wurin ajiya ne na cikin gida, sannan akwai DB don manyan bayanai.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wurin M. Adireshin M10.0 bit ɗaya ne, wato gurbin da ke riƙe 0 ko 1 kaɗai, MB10 bayit guda mai bit 8, amma MW10 yana cin bayit biyu, wato 10 da 11, MD10 kuma yana cin huɗu, daga 10 zuwa 13. Saboda haka wanda ya ajiye yawan ruwan tanki a MW10, ya kuma ajiye ƙidayar buhuna a MW11, ya haɗa su a bayit na 11, kuma kowannensu zai riƙa ɓata ɗan'uwansa, ga shi shirin ba zai ƙi hawa na'urar ba balle a farga. Maganinsa shi ne a riƙa tsallake biyu-biyu ga MW, huɗu-huɗu ga MD, a keɓe wa bit yankinsu daban. Idan an kunna bayit na agogo da na tsari, waɗanda na'urar ke cikewa da kanta, a TIA Portal, wato manhajar rubuta shirin na'urorin Siemens, a bar musu MB0 da MB1, inda manhajar ta saba ajiye su.

Haka kuma a tantance abin da dole ya tsira idan an ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne a masana'antunmu. Ƙidayar kaya da awannin aikin injin su shiga sashen da ke riƙe bayani, amma umarnin kunna injin kada ya shiga, don kada inji ya tashi da kansa da dawowar wuta alhali hannun ma'aikaci na ciki.

Game da suna, ƙa'idar IEC 61131-3, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta rubuta shirin PLC, ta yarda da haruffa da lambobi da layin ƙasa (_), ba ta yarda suna ya fara da lamba ba, na'urorin Logix na Allen-Bradley kuma ba sa karɓar fiye da haruffa 40. Suna ya faɗi aikin abu, kamar Famfo1_Kunna ko Tanki_Cike, a guji irin M10_0 da Gwaji2, waɗanda ba sa gaya wa mai gyara komai. A ganina gara a guji haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ a cikin suna, a sa cikakken bayani da Hausa a gurbin sharhi, sannan sunan ya dace da abin da aka rubuta a zanen waya.