Juya aikatau masu bin ƙa'ida a Turanci: kama 4 kacal za ka riƙe

Ɗalibi in ya zo mini da kukan cewa lokutan Turanci 12 sun fi ƙarfinsa, nakan ce ya rufe jadawalin nan mai gidaje rututu tukuna. Aikatau mai bin ƙa'ida, wato wanda ke ɗaukar ed a shuɗaɗɗen lokaci, kama 4 kawai gare shi. Ɗauki work: work, works, worked, working. Iyakarsa ke nan. Sauran ɗawainiyar ta 'yan rakiya ce, wato be, have, do da will.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Muna cewa na karanta, zan karanta, nakan karanta, "karanta" na nan yadda yake, abin da ke gabansa ne ke nuna lokaci. Turanci kuwa wani zubin ɗan rakiya ke nuna lokacin, wani zubin ƙarshen aikatau ɗin.

Fara da lokacin sabo, wato na abin da aka saba yi. I, you, we da they duk work suke ɗauka. He, she da it ne kaɗai ke neman s: she works. In aikatau ya ƙare da s, sh, ch ko x, es za ka sa: watches, fixes. A nan harshenmu yakan yi mana ƙafar ungulu, domin "ina zuwa kullum" da "ina zuwa yanzu" duk da "ina" muke faɗinsu. Bature ya raba su. She cooks every day al'adarta ce. She is cooking, tukunya na kan wuta a yanzu haka. Kuma aikatau na so da buƙata, irin su want da need, ba su cika karɓar ing ba. "Ina so" I want ne, kada ka ce I am wanting.

Shuɗaɗɗen lokaci ya fi kowanne sauƙi, ed ne ga kowa: I worked, she worked, they worked. Rubutun ne ke da 'yan sharuɗɗa. Mai ƙarewa da e, d kawai za ka ƙara: close, closed. In ing ne kuma, e ɗin ta faɗi: closing. In y ta biyo bayan baƙi sai ta koma i kafin ed da es: study, studied, studies. In bayan wasali ta zo, ka bar ta: play, played. Aikatau mai gaɓa ɗaya da ya ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, a ninka baƙin: stop, stopped, stopping, amma ban da w, x da y. Mai gaɓa biyu kuwa sai ka saurari inda nauyin murya ya sauka. A prefer ƙarshe ya sauka, don haka preferred. A open da visit farko ne, don haka opened, visited. Travel na da rigimarsa: Ingila na rubuta travelled, Amurka traveled. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Furucin ed shi ne abin da nake ganin an fi sakaci da shi a aji, alhali da shi ake gane wanda ya iya. Harshenmu na son wasali tsakanin baƙaƙe, shi ya sa za ka ji an ce "wokid", "askid". Gaɓar "id" tana fitowa ne kawai in aikatau ya ƙare da sautin t ko d: wanted, needed. Ga sauran, ɗora yatsa a maƙogwaro ka furta sautin ƙarshe. In ka ji rawa, d ce: cleaned, played, gaɓa ɗaya tak. In ba rawa, t ce: worked ya zama "wokt", washed ya zama "wosht". Da farko bakinka zai ƙi, ka daure.

Yanzu ga dokar da na fi matsa wa ɗalibai a kanta: alamar lokaci sau ɗaya ake sa ta. Da zarar did ya shigo don tambaya ko korewa, shi ya ɗauke shuɗewar, aikatau ya koma tsurarsa. Did you work? I did not work. "Did you worked" kamar sa hula biyu ne a kai ɗaya. Haka does ke ƙwace s: she does not work. Bayan will ma tsura ne: she will work.

Sauran lokutan haɗi ne kawai. Be da ing na nuna ana cikin yi: was working, is working, will be working. Have da ed na nuna an kammala: had worked, has worked, will have worked. In ka haɗa biyun ka sami has been working, wato an fara tun ɗazu ana kuma kai. Na ƙarshensu, will have been working, ka san da zamansa ya isa, da wuya ka buƙace shi a hira.

Wanda ke buƙatar kula shi ne bambancin I finished da I have finished, tunda mu "na gama" muke ce wa duka biyun. In ka ambaci lokacin da ya wuce, kamar yesterday ko in 2020, have ba ta da wuri: I finished yesterday. In sakamakon kake nunawa a yanzu, I have finished.

Wajen gwaji, she za ka riƙa amfani da ita, domin a kanta s, has da does suke bayyana. Ɗauki aikatau ɗaya, ka bi da shi kowane lokaci sau 3 da babbar murya: faɗa, korewa, tambaya. She stopped, she did not stop, did she stop? In ka ƙare da stop, ka kama study, sannan want, don kowannensu da sharaɗin da zai gwada ka a kai.