Yadda za ka sa wa Babban Banki ido

Ni abin da nake yi: duk lokacin da kwamitin manufofin kuɗi na Babban Bankin Najeriya (CBN) ya kammala zama, nakan buɗe sanarwarsa a intanet, na duba ko sun ƙara kuɗin ruwa. Daga baya sai na karanta bayanin kowane mamba, don a nan ake gane wa ya goyi bayan me.

Sannan ka bibiyi bashin da gwamnati ke ci daga bankin. Dokar CBN ta 2007 ta ƙayyade cewa kada bashin ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati na shekarar da ta gabace shi, amma ya haura naira tiriliyan 22 kafin 2023. Ina majalisa take lokacin? Tambayi sanatanka, tunda sanatoci ne ke tantance gwamnan bankin.