Yadda za ka ji daɗin ƙagaggen labari, ka kuma kai shi fada

A Damagaram yawancinmu ta ƙofar lakwal littafi ya shigo hannunmu, da Faransanci, da jarrabawa tana biye da shi. Sai ka ga mutum ya gama lise, har ya shiga Jami'ar André Salifou, bai taɓa karanta littafi guda ba sai wanda mushe, wato malamin aji, ya ce a karanta. Karatun nishaɗi daban yake, ba mai ba ka maki, ba mai tambayar ka shafi nawa ka kai. Amma shi ma yana da hanyarsa.

Da farko, zaɓi wanda za ka iya gamawa

Kada ka fara da katon littafi don a ce kai ma kana karatu. Buɗe shafi uku na farko ka karanta a tsaye. In ranka ya so na huɗu, ɗauka. In ba haka ba, mayar, ba ka ci bashin kowa ba.

Littattafan soyayya na Kano, da suka yawaita tun shekarun 1980, kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, wani lokaci har na huɗu, kuma da gangan marubuci yake yanke kowane kashi daidai inda zuciyarka take rataye. Don haka kada ka soma sai dukkansu suna hannunka. In za ka ba ɗan kasuwa sautu, ko ta Matamaye da Daura zai bi ko ta Magarya, rubuta masa sunan littafin da na marubucin, ka ƙara da "dukan kashi". In ba haka ba zai dawo maka da na biyu da na uku, yana murna ya yi maka ƙoƙari.

Mai son dariya da Hausa mai gishiri ya nemi tsofaffin da suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, irin su *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam. Ba su da kauri. Wanda kuma Faransanci ya fi masa sauƙi, akwai *Sarraounia* na Abdoulaye Mamani, wanda ya yi siyasarsa a nan Damagaram ƙarƙashin jam'iyyar Sawaba. A 1980 ya fito, kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Ragowar wannan rundunar ce ta iso Tirmini a shekarar, ta ci Damagaram, saboda haka labarin ba na nesa ba ne.

Na biyu, sasanta idonka da bokon Hausa

Nan ne da yawa suke sare wa. Wanda ya saba rubuta "tchiniki" ko "chinkafa" a saƙon waya zai yi tuntuɓe in ya ga "ciniki" da "shinkafa". Abin ba yawa: inda ka saba sa "ou", littafi yana sa "u", "tch" ya zama "c", "ch" ya zama "sh", "dj" ya zama "j". Sai baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ, wadda littattafan Nijeriya suke rubutawa 'y. Wasu ma, musamman na waya, ba sa sa ƙugiyar ko kaɗan, sai ma'anar zance ta nuna maka ko "kafa" ake nufi ko "ƙafa".

Maganin shi ne ka karanta shafukan farko da murya, ko da a hankali. Kunnenka ya riga ya san Hausar, ido ne kawai baƙo. Kafin ka gama babi biyu za ka ga bakinka ya yi shiru da kansa.

Na uku, keɓe masa lokaci

Rabin awa bayan isha'i ya isa. Daren hunturu ya fi kowane lokaci daɗi. A zafin Afrilu da Mayu kuwa gara bayan la'asar, a inuwa. In a waya kake karantawa, sauke littafin tukuna ka kashe intanet, don saƙo ɗaya na WhatsApp yana iya cinye rabin awar. Ke kuma mai tukunya a wuta, sauke ta kafin ki buɗe babin da za a ɗaura aure.

Na huɗu, ajiye ɗan kaye a gefe

Ba taƙaitawa za ka yi ba, wannan aikin lakwal ne. Abin da labarin ya yi maka za ka rubuta, da lambar shafi. Misali: "Shafi 47, nan na ji kamar in shiga in ja kunnen uwar mijin." Ko: "Shafi 80, ban yarda ba, yaron da ba shi da ko jaka guda ina ya samo kuɗin lefe cikin mako?" Layi ɗaya ya wadatar. In ka bari sai ka gama, abin da zai rage maka shi ne "wallahi ya yi daɗi", kuma da wannan ba a yin hira.

Na biyar, kai shi cikin mutane

Wannan ne matakin da aka fi ɓatawa. Mutum zai zauna a fada, wato majalisar hira da shan shayi, ya ce ya karanta wani littafi, sai ya kama ba da labarin tun daga haihuwar jarumi har jana'izar kakarsa. Kafin ya kai tsakiya kowa ya koma wayarsa, wanda kuma yake da niyyar karantawa an kashe masa shi. Labarin yana cikin littafi, kowa zai iya samu. Abin da babu a ko'ina sai wurinka shi ne yadda ya taɓa ka.

Mutum uku zuwa shida sun isa, littafi ɗaya yana zagayawa, a sa ranar zama. In a fada ne, shayin ma zai tsara muku hirar. A kofin farko kowa ya faɗi inda ya kai, don a san iyakar da ba za a ƙetare ba. A na biyu kowa ya buɗe kayensa ya karanto wuri ɗaya da ya tsaya masa a rai. Na uku na gardama ne.

Ga irin gardamar da nake nufi. Wani ya ce, "Ni dai, Yaya, yarinyar nan ba ta kyauta ba da ta bar gidan." Babban ya ce, "Kai ƙane, ka karanta abin da aka yi mata a babi na shida kuwa? In ƙanwarka ce, haƙuri za ka ba ta?" Sai a koma babin a karanta da murya, a ga wa ya fi gaskiya. Sau da yawa ba wanda yake sauya ra'ayi, kuma ba laifi.

Abu biyu za a kiyaye. Ka bambanta "bai kama ni ba" da "ba shi da kyau". Na farko haƙƙinka ne, na biyu sai ka kawo hujja, ko labarin ya yi tsalle, ko mutanen ciki duk bakinsu ɗaya. Sannan littattafan nan cike suke da kishi, auren dole da saki, kuma wataƙila wadda take zaune kusa da ke cikin irinsa take. Ku yi ta sukar kishiyar littafi yadda kuke so, amma ranar da wata ta ce "kamar dai wance ta unguwarmu", hira ta zama gulma, a tsayar da ita nan take.

Matan da fita take yi wa wuya suna iya yin duk wannan da saƙon murya. Minti biyu ya isa, a kuma fara da faɗin babin da za a taɓa, don wadda ba ta kai ba ta tsallake.

Na ƙarshe, haƙƙin mai littafi

Marubuta da yawa suna sa lambar wayarsu a littafi. In wani wuri ya burge ka, aika ka faɗi wurin, da shafinsa. Ya fi musu "Allah ya ƙara basira" kawai. Littafin waya da aka ce na kuɗi ne, biya ka karanta, kada ka watsa shi a rukuni. Na takarda kuma da ka aro, naɗe bangonsa da takardar kalanda, ka nisanta shi da kofin shayi, ka mayar ranar da ka ce. In naka ne yake zagayawa, rubuta sunan wanda ya karɓa da ranar a bayan kayenka, musamman kashi na ƙarshe, don shi ne wanda ba ya dawowa.