Kafin a sake zuba wa AC gas, a nemo inda yake yoyo

Salamu alaikum 'yan uwa. Zafin bazara ya kunno kai a Zariya, na ga masu motoci sun fara layin ƙara gas daga Sabon Gari har Kwangila. Gas ɗin AC ba fetur ba ne da ake ƙonawa. In ya ƙare cikin wata biyu, akwai inda yake zurarewa.

Fara duba da kanka. Gas yana fita tare da man kwamfiresa (injin da ke tura gas ɗin), don haka duk mahaɗar bututun da ka ga maiƙo ya kama ƙura, zarge ta. Leƙa kwandensa, wato abin da ke huce gas a gaban lagireto, tsakuwar hanya ta fi huda shi. Shafa ruwan sabulu a mahaɗai da bakin da ake zuba gas, kumfa za ta tona asiri. Sau da yawa 'yar robar zobe ce ta bushe, abin da bai taka kara ya karya ba.

In ba a gani ba, makanike ya matsa iskar naitirojin cikin bututun don gano hudar, kada ya kuskura ya sa iskar oksijin ta masu walda, tana haɗuwa da mai ta fashe. In ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota yana da maiƙo, ɓarnar tana cikin dashbod, wannan kam sai haƙuri.

Bayan gyara, a canja diraya (matatar da ke tsotse danshi), a zuƙe iska da injin bakyum aƙalla minti 30. Sannan a zuba gas, galibi nau'in R134a, bisa awon da ke takardar cikin bonet, ban da kintace.