Darasi na Shida: Idan Aka Bar Miki Yaro

Wannan darasi na masu raino ne, da kakanni, da duk wadda ake miƙa wa yaro idan uwa za ta fita.

Kafin uwa ta fita

Ki tambaye ta: yaushe ya ci abinci? Yana shan magani? Wace lamba za ki kira? Ki rubuta lambar da manyan baƙaƙe, ko ki sa ta rubuta miki.

Ki maimaita abin da aka gaya miki

Nan ne aka fi tuntuɓe. Uwa tana magana tana gyara mayafi, ke kuma kina ta "to, to", alhali rabin zancen ya wuce ki. Kada ki ce "to" ki yi shiru. Ki maimaita da bakinki.

Misali, yaro na gudawa, uwa ta ce ki haɗa masa ORS, wato garin gishiri da sukari na ƙunshi da ake narkawa a ruwa. Sai ki ce: "Hajiya, ƙunshi ɗaya a ruwa lita 1 ko?" Ki duba jikin ƙunshin ma ki tabbatar. Lita 1 ita ce ledar fiya-wata biyu, kowace mai rabin lita. Idan ruwan ya gaza, gishirin zai yi yawa, ya ƙara wa yaron ciwo. Ki sake maimaitawa: "Bai kai shekara 2 ba, rubu'in kofi zuwa rabi bayan kowace gudawa, kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai in jira minti 10 in ci gaba. Abin da ya wuce awa 24 in zubar." Kin gani? Ba wuya. Ko kin kuskure, nan take za a gyara miki.

Haka maganin ruwa. An ce "cokali ɗaya", wane cokali? Na shayi mililita 5 ne, babban cokali kuwa ya kai ninkinsa uku. Ki ɗauko shi ki nuna: "Wannan?" Sannan ki maimaita sau nawa a rana, da ƙarfe nawa aka ba shi na ƙarshe, don kada a ba shi sau biyu.

Wasu sai su ce kunya suke ji, kada a ce ba su da kai. Haba! Ran ɗan mutum ne fa a hannunki. Matambayi ba ya ɓata. Sau nawa za a faɗa? Ki maimaita, ko uwa tana sauri, ko ta kai bakin zaure.

Lokacin kira

In ya ƙi sha sam, ko yana amayar da komai, ko kin ga jini a kashinsa, ko idanunsa sun zurma, ko yana jijjiga, ki kira uwa, a nufi asibiti. Kada ki jira ta dawo.

Idan uwa ta dawo

Ki faɗi abin da ya ci, da abin da ya sha. In ya faɗi ya bugu, kada ki ɓoye.

Aikin gida

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ta ba da saƙo, ɗaya ta maimaita, sai ku yi musanya.